Gyartai Bai Mutu Ba: Martani Ga Mai Kiran Mu Zubar Da Tsofaffin Kaya

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a wannan mujalla kwanakin baya, inda ya zare alƙalami a kan ɗabi'armu ta adana tsofaffin kayan gida da sauya musu aiki. Sau biyu na karanta ta, don gudun kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Maganarsa ta tsaya a kan ƙafa uku. Ta farko, yana ganin mayar da tsohon bokiti tukunyar shuka, ko tsohon zane tsumman goge-goge, saura ne na talauci da ya kamata mu yaye wa kanmu. Ta biyu, a wurinsa sake sarrafa shara aikin gwamnati ne da manyan masana'antu, kamar yadda ake yi a Turai, don haka magidanci ya zubar kawai ya huta. Ta uku, ya nemi a hana sana'ar jari-bola baki ɗaya, saboda a cewarsa ta zama mafakar ɓarayi.

Malam, kafin in saɓa maka bari in ba ka gaskiyarka, domin gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Akwai gidajen da tara komatsai ya zame musu cuta. Ka leƙa bayan ɗaki ka tarar da matacciyar rediyo, da karyayyiyar kujera, da kwalaye sun jiƙe sun bushe, an ajiye su shekara biyar da sunan wata rana za su yi amfani, alhali ɓeraye da kunamu ne kawai ke morar su. Tsohuwar taya ko gwangwanin da aka yar a tsakar gida, da damina ta sauka sai su tara ruwa, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, har da irin wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. A nan ba ni da ja. Inda muka rabu shi ne ka haɗa mai tara tarkace da mai sauya wa kaya aiki ka yi musu kuɗin goro. Na farko kasala ce ta hana shi yanke shawara a kan kayansa, na biyu kuwa ya duba abu ya hango masa wani amfani, ya sa hannu ya fitar da shi. Mutum biyu ne daban.

Mu ɗauki ƙafa ta farko, wato batun talauci. Na taso a gidan kakata, mace mai rufin asiri, rumbunta ba ya yankewa da hatsi, tana da shanu a ruga da tumaki a turke. Duk da haka ban taɓa ganin ta yar da ƙwarya don ta tsage ba. Sai ta kife ta a kan rumfa har ranar da za a ji muryar gyartai a bakin zaure. Na sha tsugunawa a gabansa ina kallo. Zai ɗauki ƙwaryar ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurari ƙararta, sannan ya ɗauko tsinken ƙarfensa ya bi gefen tsagin yana hudawa daki-daki, wannan gefe da wancan, ya zura zare ya ɗinke kamar mai ɗinkin rauni. In ya gama sai ya ce, "Inna, a zuba ruwa a gani." Ta zuba, ta ɗaga sama ta duba, ta ce, "Madalla, Allah ya yi albarka," ta auno masa gero. Wannan ƙwarya sai ta ƙara shekaru ana bakace da ita. Ranar da ta fashe fashewar da ba ta ɗinkuwa, ba ta zama shara ba, ta zama sakaina, ana kwashe toka da ita ko a zuba wa 'yan tsaki tsaba.

Ka lura da harshen da muke magana da shi. Ɓallin ƙwarya yana da suna, sakaina. Ɓallin tukunya yana da suna, tsingaro. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, wanda ya kama a gindin tukunya ƙanzo ne, a jiƙa a sha ko a daka a yi kwaɗo. Abin da ya fita daga surfe dusa ce, ta awaki da kaji. Zanen da ya tsufa tsumma ne, daga shi ake naɗa gammo, a cusa matashin kai, a yi wa jariri shimfiɗa. Tokar murhu a tace ta a samu ruwan toka na miya, ko a kai ta gona. Al'ummar da ta raɗa wa kowane saura suna, ta san darajarsa ne. Sarakuna da attajiran da suka yi zamani a ƙasar Hausa da wannan harshe suka yi magana, kuma a gidajensu ma an ci ɗumame. Tarbiyya ce, kuma addini ya ƙarfafa ta, tunda Suratul Isra'i ta yi kakkausan gargaɗi a kan almubazzaranci.

In kuwa ma'aunin wayewa a wurinka shi ne abin da ƙasashe masu arziki ke yi, to mu je can. A farkon 2017 ƙasar Suwidin ta rage harajin da ake ɗora wa gyaran keke da takalmi da tufafi daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 12, don mutane su riƙa gyarawa maimakon sayen sabo. A ƙarshen 2023 Faransa ta ɓullo da tallafi ga wanda ya kai rigarsa wurin tela ko takalminsa wurin mai gyara, ana rage masa daga Yuro 6 zuwa 25 a cikin kuɗin aikin. A Japan akwai wani ƙaramin gari mai suna Kamikatsu da ya ɗauki alkawari a 2003 cewa zai raba kansa da zubar da shara, har mutanensa suka kai ga rarraba abin da suka gama amfani da shi kashi 45. Japanawan nan kuma suna da tsohuwar sana'ar liƙe fasasshen kwanon tangaran su bi layin tsagin da garin zinare, suna alfahari da tabon. Gyartai ne nasu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da yunwa ta kora zuwa ga gyara. Sun yi zamanin saye da zubarwa har sun ga ƙarshensa, yanzu suna kashe kuɗi don su dawo da abin da mu har yau muke da shi a hannu. Me zai sa mu saki a daidai lokacin da su ke nema?

Na zo ga ƙafa ta biyu, wato a bar wa masana'antu. Ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu ƙarfin masana'antu, ta fitar da rahoto a 2022 da ya nuna kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Sauran ana binnewa, ko a ƙona, ko su watsu a ƙasa da ruwa. Shekaru da dama ƙasashen Turai da Amurka suna loda sharar robarsu a jiragen ruwa zuwa Sin, sai a 2018 Sin ta rufe ƙofa ta ce ta daina karɓar mafi yawanta, nan take asiri ya tonu cewa masana'antun nasu ba su iya cinye abin da gidajensu ke fitarwa. Dalilin a fili yake. Roba iri-iri ce, ba kowace ke narkewa tare da 'yar'uwarta ba, sai an tsince, an wanke, an niƙa, kuma duk narkarwa ingancinta raguwa yake yi. Shi ya sa masana wannan fanni suke jera matakan da tsari: a rage saye, a sake amfani da abu yadda yake, sannan in ya gagara a kai shi narkarwa. Matakin da ka ce mu dogara da shi, shi ne na ƙarshe kuma mafi tsada.

Sannan in tambaye ka, Malam, idan magidanci a unguwarmu ya zubar ya huta, ina abin yake zuwa? Almajiri ko ɗan gida zai ɗauka ya kai bolar bakin layi. Iska ta kwashi leda ta rataya a bishiya, ruwan sama ya tura robobi cikin kwata su toshe ta, a watan Agusta ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Abin da ya rage a cinna masa wuta da magariba, hayaƙin ya shiga ƙirjin yara da tsofaffi. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar da ta yi kiwo a cikin gari, zai ba ka labarin dunƙulen leda. Manoman karkarar Kano sun shafe ɗaruruwan shekaru suna shigo da itace birni a kan jakuna, su koma da mangala cike da shara da kashin dabbobi su zuba a gona, wannan taki na cikin abin da ya sa ake noma gonakin kowace shekara ba tare da sun gaji ba. Yau manomi sai ya tsaya tsince leda da fasassun kwalabe daga cikin takin kafin ya baza. Abin da ya bar gidanka bai ɓace ba, maƙwabcinka ya koma wa.

Kuma ai muna da masana'antun, sai dai ba su da gilasai da na'urar sanyaya ɗaki. Ka shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kasuwar Katako a Yamai, ka ba idonka abinci. Tsohon durom ya zama akwatin ƙarfe ko kaskon suya. Ƙarfen ƙafar mota ya zama kurfoti. Tayar da ta gama yawo a titi an yanka ta an fitar da takalmin da manomi zai shekara uku yana taka ƙaya da shi, tiyub ɗinta kuma ya zama gugan rijiya da igiyar ɗaure kaya a babur. Gwangwanin madara ya zama mazurari ko fitilar aci-bal-bal. Jarkokin man gyaɗa su ne a kurar mai ga-ruwa, kamar yadda magabatansa suka yi da garwar kananzir. Na taɓa tsayawa a rumfar wani mai zubin tukwane, na ga yadda yake danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi ya fitar da siffarta, yaronsa na juya mafici a bakin wuta, gwangwanayen lemo na narkewa suna zama kamar ruwan azurfa. Ya ɗebo da dogon ludayin ƙarfe ya tsiyaya a ramin, bayan ɗan lokaci ya fasa yashin, sai ga tukunya tana tururi. Narkar da tsohon alminiyom yana cin kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen haƙo sabo da tace shi. Wannan bawan Allah bai karanta lissafin a littafi ba, amma da shi yake ciyar da iyalinsa.

Ko tsarin ajiye kuɗin kwalba da Jamus ke tinƙaho da shi, inda ake riƙe maka santi 25 sai ka dawo da gorar, wane ne a cikinmu bai san shi ba? Muna yara in an aike mu sayen lemo sai mun tafi da kwalba, in babu mai shago ya riƙe kuɗi har mu dawo da ita. Kwalba ɗaya takan koma kamfani a wanke a sake cikawa sau da yawa. Zuwan gorar roba ne ya raunana wannan tsari, kuma tun daga lokacin kwatocinmu suka fara cika. Duk da haka masu basira ba su zauna ba. A 2011 wata ƙungiya mai suna DARE ta gina gida a Sabon Yelwa kusa da Kaduna da dubban gorunan roba da aka ɗura wa yashi, aka jera su kamar tubali aka ɗaure da igiya aka shafe da laka. A ƙauyen Njau na Gambiya, wata mata mai suna Isatou Ceesay ta tara 'yan'uwanta mata tun 1997, suna wanke ledoji su yayyanka su saƙa jakunkuna da ƙwarashi su sayar. Matanmu da suka iya saƙar hula da faifai da tabarma, wa zai ce wannan ya fi ƙarfinsu?

Ƙafa ta uku ita ce 'yan jari-bola. Ba zan rufe ido ba, akwai ɓata-gari a cikinsu. An sace murafan ramukan titi, an yanke wayoyin lantarki, har allunan makabarta ba su tsira ba. Saboda irin wannan da kuma matsalar tsaro Gwamna Babagana Zulum ya haramta sana'ar a Borno a 2023, hukumar Abuja ma ta ɗauki irin wannan mataki a farkon 2025. Na fahimci zafin da ya kai su ga haka, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Amma ka yi tunanin garinmu in an wayi gari babu mai tura kura yana kiran a kawo gwangwani da tsohon ƙarfe. Wa zai raba bola da ƙarfe da roba da kwali? Kamfanonin narka ƙarfe da ke fitar da rodin gini daga hannun wa suke samun kaya? Dubban matasan da ke cin abinci ta nan, wace sana'a aka tanadar musu? Brazil ta fuskanci irin wannan tambaya, a 2002 ta shigar da masu tsintar shara cikin jerin sana'o'in da hukuma ta amince da su, suka kafa ƙungiyoyin haɗin kai suna aiki da ƙananan hukumomi. Mu ma hanyar a buɗe take: a yi musu rajista a ƙarƙashin shugabannin sana'arsu da masu unguwanni, a ba su katin shaida, a hana yawon dare, a hana sa ƙananan yara, kuma a kama dilan da ya sayi murfin titi ko wayar lantarki, domin in babu mai saye ɓarawo ba zai ɗauka ba.

Da ka karkata alƙalaminka ga inda haɗarin yake da gaske, da na zama na farkon mai mara maka baya, domin ba kowane abu ne ya cancanci a sake amfani da shi ba. Jarkar maganin ciyawa ko na ƙwari, komai wankin da aka yi mata, kada a zuba ruwan sha ko nono ko man gyaɗa a ciki, roba tana riƙe guba. Gorar da aka tsinto daga bola, balle bolar asibiti, ba ta dace da zoɓo ko kunun aya ba, mai sana'a ta nemi gorar da ta san asalinta ta wanke da sabulu. Takardar buhun siminti da jarida ba mazubin ƙosai da tsire mai zafi ba ne. Ƙona taya don babbaka ko ƙona waya don a fitar da jan ƙarfe, sayen ciwon ƙirji ne da kuɗin cefane. Mafi muni shi ne fasa tsohon batirin mota a cikin gida, saboda dalmar da ke ciki. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara sama da 400. Har mai zubin tukwanen da na yaba yana buƙatar wannan ilimi: wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe a Kamaru ya gano da yawansu suna sakin dalma yayin dafuwa, saboda ana haɗa alminiyom da sassan injin mota da makamantansu. Maganin wannan shi ne a koya wa maƙera tantance abin da suke narkarwa, a ware na tukunyar abinci daban.

Ga abin da muke yi a gidana, kuma a wurin mai ɗakina na koya. Duk gabanin azumi da babbar salla ana kwalema, a fito da komai tsakar gida. Abin da ke gyaruwa a kai wa mai gyara a makon, ba a mayar da shi ɗaki da sunan sai wani lokaci. Abin da mu muka gama da shi amma wani zai mora, kamar kayan da yara suka girme wa da littattafan ajin da suka wuce, a wanke a ninke a bayar tun yana da mutunci. Ƙarfe da gwangwani da fasasshiyar roba a kira mai jari-bola ya auna ya biya. Saura kaɗan ne ke kai wa bola. Daga cikin abin da muka riƙe, buhunan shinkafa guda shida suna jere a jikin katanga cike da ƙasa da taki, an huda gindinsu don ruwa ya tsiyaye, a ciki muke tsinkar alayyahu da yakuwa da tattasai, ruwan wankin shinkafa da na alwala muke zuba musu. Kwalaben zuma sun zama mazubin daddawa da barkono da kanwa. Firjin da ya mutu, bayan mai gyara ya cire injinsa, shi ne ma'ajiyar hatsinmu, ɓera ba ya iya shiga. Ƙyallayen da tela ya rage ɗiyata ta harhaɗa ta ɗinka abin shimfiɗa, ranar da ta gama ta kawo mini tana murna ta ce, "Baba, duba, ko zare ban saya ba." Wannan murna ta yaron da ya gano hannunsa na iya fitar da abu, ba a sayar da ita a kanti.

Don haka, ɗan'uwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kiran da ka yi na tsafta na karɓa hannu biyu, kuma ina roƙon duk mai ɗakin tarkace ya buɗe shi a wannan mako. Amma kada garin korar ƙazanta mu koya wa 'ya'yanmu jin kunyar gyara, su taso suna ganin ƙimar mutum a yawan abin da yake zubarwa. Ina gayyatarka, duk ranar da ka samu sarari, mu shiga Panteka tare tun da hantsi, mu zauna a benci kusa da maƙera, ka ga tsohon durom yana shiga ta nan yana fita ta can a matsayin akwatin da wata amarya za ta zuba kayanta. In mun fito sai ka sake ɗaukar alƙalami. Allah ya sa mu dace, ya kuma yi mana albarka a cikin kaɗan da mai yawa.